Bayan Dandamali

Sati uku ina tara kuɗin a gwangwanin madara
ƙarƙashin bencin garejinmu na Sabon Gari.
Jika biyu da rabi.
Na ƙirga su har takardun suka yi laushi.

Ran Asabar na wanke hannu sau huɗu,
baƙin mai ya ƙi barin farce.
Na ari takalmin Tasi'u, ya matse ni, na ce ba komai,
wanda zai ga Sahura 'yar Mirriya
ba ya sauraren ƙorafin yatsa.

Tun la'asar layi ya kai bakin titi.
'Yan Birni, 'yan Zango, 'yan matan Garin Malam da lalle ɗanye,
'yan kabu-kabu sun jingine babura kamar awaki a kasuwar Dole.
Mai tsire ya ninka farashi, mun zage shi, mun saya.

Sai goma ta gota ta fito.
Ƙarama ce ashe!
A waya ta fi haka tsawo.
Shuɗiyar riga, ƙafa ba takalmi,
ta ce, Damagaram, kuna nan?
Muka amsa har duwatsun bayan gari suka maido mana.
Ganga ta shiga ƙirjina ta kori numfashi,
wani ƙato ya taka ni, na rungume shi.

Waƙa ta uku, tana tsakiyar ɗaga murya,
ɗif.
Duhu ya faɗo mana kamar bango.
Injin wuta ya yi tari biyu ya mutu.

Ihu, fito, fitilun waya.
Can na ji ana kiran, akwai makanike?
Tasi'u, Allah ya isa, shi ya ɗaga hannuna.

Bayan dandamali babu ƙyalli ko ɗaya,
wayoyi ne a ƙasa, da wari, da wani mai kwat yana zufa.
Tiyon mai ya tsage, iska ta shiga.
Na sa baki na zuƙa, gazuwal ya cika min harshe,
na tofar, na sake.
Inji ya yi gurnani, fili ya ɗauki sowa.
Amma ba waya, ba roba, ba abin ɗaurewa.
Mai kwat ya ce, riƙe, don Allah riƙe,
yanzu za a kawo.

Ba a kawo ba.

Haka na durƙusa, babban yatsa kan tsaga,
takalmin aro cikin mai,
ta fara wadda na zo dominta,
wadda nake ji da dare in an rufe gareji,
ta yaron da ya tafi Agadas bai yi sallama ba.
Wana ma bai yi ba.

Ban gan ta ba.
Ta ƙasan labule dugaduganta kawai nake hange,
suna tashi, suna sauka, da ƙura a jikinsu.
Mutum dubu nawa ke rerawa, ni ina bi a hankali,
inji na karkarwa a tafin hannuna
kamar maƙogwaronta na riƙe.
In na saki, ta yi shiru.
Na san haka, ni kaɗai a duk filin.

Da za ta sauka ta ce, a tafa wa mai gyara,
aka raɗa mata suna, ta ce Habibu.
Habu nake.
An tafa wa Habibu sosai.

Mai kwat ya ba ni jika ɗaya da lemo mai ɗumi.
Muka taka zuwa gida, kabu-kabu sun ƙare,
Tasi'u na nuna min bidiyo, duk kawunan mutane ne,
yana tambayar wa zai biya takalmi.

Yau Talata.
Yatsan bai daina rawa ba,
shayi ma ɗanɗanon gazuwal yake.
Maigida ya ce me nake wa murmushi ƙarƙashin mota.
Na ce miƙo min sha biyu.