Taswirar Tudun Sabiyá

Ni tela ce, na san darajar takarda:
kafin almakashi ya ci yadi
sai an shimfiɗa zanen riga a kansa.
Shi ya sa na hau bas biyu
na sauka gaban ofishin magajin gari,
lema a hammata, gwiwa tana ƙara.

Na ce, "Sunana Zuleide Pacheco,
daga Tudun Sabiyá, layin da babu suna.
Shekarar da jirginku ya yi ta shawagi a kanmu
yana ɗaukar hoton kwanon rufi da igiyar shanya,
harajinmu ya sha a madadin mai.
Ku nuna mini abin da ya gani."

Saurayin bayan gilashi, Edivaldo,
ya murza biro, ya miƙo fom.
Dokar Birazil ta ba su kwana ashirin.
Na ɗinke rigar baftisma huɗu, na rage wando tara,
suka ƙara wa kansu goma.

Amsa ta farko: bayanan suna cikin manhaja,
manhajar kuwa ta kamfani ce.
Na ce ban nemi kekenku ba,
rigar nake so, wadda aka auna a jikina.
Ta biyu: tsaro.
Tsaron wa? Kajin Dona Iracema?
Ko tankin da ke yoyo tun bikin kanibal?
Ta uku ta zo da farashi,
sifili a jere kamar maɓallan kwat.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Ni dutsen yana saman gidana,
ba ni da lokacin jiran romo.
Jikata Tainá ta rubuta ƙara, na sa hannu,
muka aika sama, saman ta aika sama.

Wata bakwai.
Ran wata Talata, ana yayyafi,
saƙo ya faɗo wayarta.
A kwamfutar ɗakin karatun unguwa
ta riƙa ɓare shi kamar albasa:
ga tituna, ga bututu, ga turakun lantarki,
ga gwaibar da mijina ya dasa, ɗigo ɗaya kore.
Ga rafin da kakata ke wanki,
wanda aka binne da siminti ina budurwa,
shuɗin zare, yana nan da ransa,
yana bi ta ƙarƙashin gadona.

Sai shafin ƙarshe.
Ja.
Daga gidan burodi har matakalar coci,
gida arba'in da ɗaya, nawa na sha bakwai.
A gefe, da ƙananan baƙaƙe:
haɗarin zaftarewar ƙasa, mataki mafi girma.
Kwanan watan ya shekara goma sha ɗaya.

Shekara shida ke nan
da laka ta rufe Valdomiro da dare,
rediyonsa na ba da labarin ƙwallo a ƙarƙashinta.
Sun zo da furanni.
Sun ce ba wanda ya sani.

Ban yi kuka a ɗakin karatu ba, an hana surutu.
Muka buga ta a falle goma sha biyu,
na haɗa su bisa tamfol da zare mai kauri,
ɗinki biyu, kada iska ta raba,
muka rataye a bangon gidan burodi.
Kowa ya zo sayen na safe
sai ya ɗora yatsa a kan rufinsa.
Wurin ya yi maiƙo, jan bai goge ba.

Ran Lahadi na ga Edivaldo, babu taye,
ya daɗe tsaye, hannu a aljihu.
Ashe gida na ashirin da tara na gwaggonsa ne.
Shi ma bai taɓa buɗe shafin ba.

Yau ma hadari ya haɗo ta bakin teku.
Takalmana na bakin ƙofa, takardun gida a leda.
Gobe bas biyu, sabon fom:
kuɗin katangar da aka ce an gina mana,
ina so in ga awonta.