Kwalba Biyu da Rabi

Da farko na ɗauka wanka take,
mage ai ba ta rabo da lasa.
Sai na fara tsintar gashi a kan dardumata,
curi-curi, kamar audugar da muke sharewa
a ƙarƙashin injin masaƙa, nan Kakuri,
kafin a garƙame ƙofa a ce mu je gida za a neme mu.

Zare sunanta. Tasallah ce ta raɗa mata,
don ranar da ta tsinto ta a bakin kwata
ba ta fi zaren kauri ba.

Na shafa wuyanta, na ji ƙuraje
birjik, kamar gero a faifai.
Cikinta ya yi sanƙo, ja wur.
Tsakar dare ƙafar baya na dukan kunne, kaf-kaf-kaf,
sai atishawa uku a jere,
sai wani tari, wuya a miƙe, ƙirji a ƙasa,
tana kakarin fito da abin da babu shi.

Tanimu mai shayi ya ce a shafa baƙin mai.
Maƙwabciya ta ce baki ne, a tofa.
Ni kuwa na ɓallo farasitamol,
na daɗe riƙe da shi a tafin hannu,
ban san me ya sa na mayar ba.

Na sa ta a kwando, na rufa zani,
keke ya haye gada da mu.
Kogi ya cika, ruwan Agusta, launin koko.

Dakta Kasham ta cire tabarau ta dube ni:
"Baba, da ka ba ta ƙwayar nan
da yanzu rami kake tona wa."
Ta taje ta a kan farar takarda,
baƙin gari ya zubo, ta ɗiga ruwa, ya koma ja.
"Kashin ƙuma ne. Cizo ɗaya ya isa tayar da borin jini.
Jiki kan wayi gari ya ƙi abin da ya saba."
Ta ɗiga magani a ƙeyarta.
"Na mage kawai. Na kare guba ne gare ta.
Tsummanta, ruwan zafi da rana.
Abinci iri ɗaya, mako takwas,
ba kan kifi, ba madara,
ko za ta yi maka kukan marainiya."

Ta kuwa yi.
Ina cin tuwo ina juya mata baya kamar ɓarawo.
Kullum in ja layi a kalandar kanti.
Susa ta lafa. Gashi ya tsiro, laushi kamar ƙura.
Tarin ne ya ƙi tafiya.

"Me kake ƙonawa a ɗaki?"
Na ce maganin sauro.
"Sai me?"
Na tsaya ina kallon silifas ɗina.

Kwalba huɗu Tasallah ta bari,
turaren da ta dafa da hannunta
watan da ciwo bai kwantar da ita ba tukuna.
Shekara biyu, duk magariba,
in zuba garwashi a kasko, in rufe taga ruf
don kada ya fita ya bar ni.
Ashe ni ina shaƙar matata,
Zare na shaƙar shaƙewa.

Na sayi gidan sauro a Kasuwar Barci.
Na buɗe tagar, sai da na sa guduma.
Kasko ya koma gindin gwaiba;
daren Juma'a kaɗai nake kunna shi,
iska ta kwashi rabi ta kai wa maƙwabta.
Ba komai. Ita ma mai kyauta ce.

Saura kwalba biyu da rabi.
Jiya Zare ta hau ƙirjina bayan isha,
numfashinta sumul, kamar injin da ya sha mai.
Ƙafata ta yi sanyi, fitsari ya matse ni,
ban motsa ba.