Ƙadangaren Birni

Bisa dutsen Birni na ga ƙadangaru biyu,
jan kai da jan kai, suna gwada ƙwanji.
Wanda aka kayar bai mutu ba.
Jansa ya dushe, ya koma launin toka,
ya lafe a tsaga, ya bar wa gwani rana.
Da ya ja faɗan, da shaho ya samu kalaci.

Sai na tuna wana Zabairu,
ranar da aka ƙwace masa rumfa a Kasuwar Dole.
Bai ɗaga murya ba. Ya shige ɗaki,
ya juya wa tuwo baya, wata bakwai.
Shi ne fa wanda ya taɓa kwana tara bai runtsa ba,
yana rabon kuɗi,
wai kasuwar duka tasa ce.

Likita ta ce tsohon gado ne,
tun kakannin kakanni:
jiki ya san lokacin zabura, ya san na durƙuso,
sai dai a gidan wani ƙyauren kan cije.

Yau ƙadangaren ya leƙo, wuyansa ya soma ja.
Zabairu, daga bakin ƙofa,
ya tambaye ni nawa fatar akuya yanzu.