Mai Jan Labule

Ran Laraba aka liƙa takardar
a ƙofar tsohon zauren ma'aikata na Kakuri,
da ƙullun koko, don gam ya ƙare.
Na gyara tabarauna mai ƙafa ɗaya,
na bi sunaye da yatsa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Tabitha mai kitso ce mai gidan haya.
Tanimu direban Keke, ɓarawon akuya.
Tagwayen Lantana su ne akuyar,
ɗaya kai, ɗaya ƙugu, tun a nan suka fara faɗa.
Alƙali kuwa,
alƙalin da na yi wata uku ina yanke hukuncinsa gaban madubi,
an ba Dogara mai faci.

Can ƙasa, inda ƙullu ya jiƙa takarda:
Labule, Barau Iliya.
Shekara ta tara ke nan.

Ban ce uffan ba.
Labulen dama nawa ne,
atamfar ƙarshe da na fito da ita daga masaƙa
ran da injuna suka yi tsit
aka sallame mu da "sai an neme ku".
Kande ta haɗa shi a kekenta, ba ta karɓi ko sisi ba.

Nan babu mai albashi.
Shekarau kafinta ya kawo ragowar katakon wani rufi,
ya ƙera kotu mai ƙofa amma ba bango.
Benci ashirin aro daga coci,
tabarma shida daga Islamiyya,
Rifkatu ta taso daga aikin dare a asibiti
da jarkar zoɓo a bayan acaɓa.
Darakta Kuyet, malamar firamare,
ta yi ta ihu har muryarta ta koma ta agwagwa.

A bita, Dogara na yoyo
kamar tayar da aka rasa inda ƙusa ta shiga.
A hura masa layi da yamma,
kafin safe ya sace.
Ni ina bayan atamfa riƙe da igiya,
leɓɓana na motsi su kaɗai.

Daren Asabar zaure ya cika har taga.
Ruwa ya sauko, wuta ta tafi,
janareta ya yi tari uku ya kwanta.
Sai wayoyi suka tashi sama ɗaya bayan ɗaya,
fitilu ɗari a hannun masu kallo,
muka ci gaba.

Aka zo hukunci.
Dogara ya miƙe cikin rigar aro, ya buɗe baki.
Shiru.
Ƙugun akuya ya yi atishawa.
Na raɗa masa. Bai ji ba,
injin ba taya iska ya daɗe da cinye kunnensa.
Na ƙara. Ya zuba wa rufi ido.
Ban san sa'ad da wata uku suka ɓalle daga ƙirjina ba:

"Wanda ya ci amanar maƙwabci
ya sha miya da cokalin da zai roƙa gobe!
A mayar da akuya!"

Zaure ya kece.
Wata tsohuwa a layin gaba ta rangaɗa guɗa,
ta ce labulen nan ya fi wasu masu kujera adalci.
Dogara, ɗan duniya, ya daki tebur:
"To kun dai ji. Kotu ta tashi."

Na ja igiya.
Hannuna na rawa, amma bakin atamfar ya haɗu daidai.

Da asuba muka yi ta jidar benci a kai
kafin a kaɗa ƙararrawa.
Kuyet ta matso, da abin da ya rage na muryarta,
ta ce baɗi za a duba maganata.
Na ce a bari tukuna,
wa zan bar wa igiyar?
Tana da wani ƙulli a tsakiya
wanda sai an san shi yake wuce zobe.

Dogara ya yi wa kekena faci biyu kyauta.
Ɗaya ya sace kafin in kai gida.