Ƙumbar Kyalla

Da can dutse ne wanzaminta.
Kullum da sassafe Baba kan ɗauki sandarsa,
su haura duwatsun bayan Anguwar Rukuba,
shi a gaba yana tari, ita a baya tana shinshinar raɓa.
Dutse na cin ƙumbarta kaɗan-kaɗan,
bai taɓa neman ladan aski ba.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, a tsakiyar damina,
ba ta sake hawa ba.
Na ja ta da igiya, ta turje.
Yanzu in ta ratsa siminti da dare
sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas,
kamar ana zuba wake a tire.
Ta gefen ƙafar hagu ta lanƙwashe
har tana neman komawa cikin nama.

Ran Asabar, da ruwa ya ɗauke,
na shimfiɗa buhun dankali a bakin ƙofa.
Na jera 'yar filayar da Dalyop ya aro mini,
da magagari,
da garin masara cikin murfin kwalba,
da kan busasshen kifi, toshiyar baki.

Ganin ƙarfe kawai
ta shige ƙarƙashin kujerar Baba.
Wannan karyar da ta taɓa korar ɓarawon kaji har rafi,
ga ta tana ɓari, wutsiya a matse,
farin goshinta kaɗai nake gani a duhu.

Ban kira ta ba.
Na zauna a ƙasa, sanyin Jos na ratsa wandona,
na yi kamar ina gyaran takalmi.
Shayin Baba ya huce.
Rediyon maƙwabta ya gama labarai.
Sannan hanci ya fito, sannan kunne ɗaya.

Tafin kare yana da ɗumi, ban sani ba sai ranar.
Yana warin ƙasa da tsohuwar tabarma.
Na riƙe, ta fizge. Na saki.
Na sake riƙewa, ta bar mini
kamar mai ba da rancen da ba ta so.

Baƙar ƙumba ba ta nuna inda rai ya tsaya.
Dalyop ya ce: yanka siriri kamar ɓawon albasa,
in ka ga ɗigo a tsakiya, dakata.
Ƙyas. Ta zabura.
Ƙyas. Ta dube ni, ta dubi kifin.
Ta uku, ta huɗu,
har na fara jin kaina gwani.

A ta biyar na zarce.
Ƙara ɗaya ta yi, irin ta jariri,
jini ya ɗiga a kan buhu, ɗigo uku.
Na danna garin masara, hannuna ya fi nata rawa.
Haƙoranta suka sauka a wuyan hannuna,
suka tsaya nan, ba cizo,
tambaya ce kawai.

Sai daga kan kujera,
daga bakin da ya karkace, wanda wata biyu bai haɗa kalma ba,
wani sauti ya fito.
Ba sunanta ba ne sosai, rabinsa ne.
Kya.
Ta sake ni.
Ta ɗora haɓa a kan ƙafarsa, wadda ba ta ji.

Da magagari na ƙarasa, na ajiye filaya.
Gefe ɗaya nake gogawa, a hankali,
farin gari na sauka a gwiwata.
Tana lumshe ido, tana buɗewa ta tabbatar.
Bakwai muka yi.
Sauran sai gobe, ko jibi,
ba jirgi muke jira ba.

Ina tattara kaya
na ga Baba ya ɗauko mataccen hannunsa da mai ran,
ya ajiye shi a cinyata.
Na duba.
Nasa ma sun yi tsawo.