Ƙidayar Kanari a Gulma

Shafa'atu ta zo daga Kalgo da littafi,
madubin hangen nesa rataye a wuya.
Aka ce mata, in kanari kike nema,
tambayi tsohon can da ya ƙarar da su.
Ni ke nan.

Shekara talatin ina saƙa keji da sillen kara,
ɗaki biyu, na sama tarko, na ƙasa na mai kira.
In sa namiji guda ya rera,
'yan'uwansa su sauko daga farar ƙaya
su zo gaisuwa, murfi ya faɗa.
Ranar kasuwar Argungu ko ɗaya ba ya biyo ni gida.
Da kukansu na yi rufin kwano,
da shi na kai Arzika makaranta.

Amma kada a ɗora mini kayan duka.
Jan-baki ya sauko wa shinkafa kamar hadari,
aka kira jirgin feshi.
Magani bai san ɓarawo ba, bai san maƙwabcinsa ba.
Da safe yara suka cika ƙwarya,
mai laifi da mai waƙa a haɗe.
Sannan gatari ya bi itacen bakin fadama
ya ɗura gidajensu a buhun gawayi.

Muka fita da asuba, ni da ita,
raɓa har gwiwa.
Na yi fito irin na da, ashe leɓe bai manta ba.
Kurciya ta amsa.
Ba da ke nake ba.

Kwana uku muna abu ɗaya.
Layi uku ne a littafinta:
akwai su, sun ragu, ba a gani ba.
Ta kai alƙalami kan na ƙarshe,
na ce dakata, 'yata, rana ba ta ɗaga ba.

Can kan wata aduwa da gatari ya raina,
ƙirji rawaya kamar garin ɗorawa,
ya buɗe baki.
Wata ta matso kusa da shi.

Ta rubuta biyu.
Ta ce, Baba, biyu ba garke ba ne.
Na sani.
Abin da ban faɗa mata ba,
yatsuna sun motsa da kansu
suna lalubar zaren tarko,
sai da na tura su aljihu.

Keji na ƙarshe yana nan rataye a zaure.
Maiɗakina ke shanya barkono a ciki.