Kumbar Binuwai

Kafin ladanin Fitowa ya gyara murya
na riga na isa gaɓa,
da guntun ƙarfe, da kwando mai huda uku,
da zanen da bai taɓa bushewa ba.

Ruwan asuba ba ya gaisuwa.
Yakan cafke ni a idon sawu,
ya hau gwiwa, ya tsaya a ƙugu,
ni kuwa in ta lalube da yatsun ƙafa:
nan laka, nan tsakuwa, nan ita,
kumba, manne da dutse,
ta ɗinke baki
kamar wadda aka tambaya ina kuɗin adashi.

Inna Tabawa ce ta koya mini.
Ta ce, "Wadda ba ta cika tafin hannu ba,
ta baɗi ce, mayar da ita."
A kwananta, kafin hantsi ya dubi ludayi
kwando uku na kan yashi,
har ta aika wa maƙwabta.
Ni yau sai azahar ta gota,
rabin kwando, rabin rabin kuma ɓawo ne.

Masu haƙar yashi sun fi ni sammako yanzu.
Jirage goma sha ɗaya na ƙirga ran Talata,
tifa na jira da baki buɗe.
Garwa na ta tsayi, bene bisa bene,
ba wanda ya gaya wa magina
cewa gonata ce suke kwaɓawa da siminti.

Su kuma na Lagdo, in za su buɗe ƙofa,
ba sa aiko yaro.
Bara ruwan ya zo da tsakar dare,
ya kwashe tulin ɓawon wata biyu,
ya haɗa da kwalekwalen Lantana,
da safe ya kwanta lumui
kamar ba shi ba.

Dubi hannuna.
Mai duba in ya buɗe wannan tafin sai ya ɓata hanya,
kumba ta yi rubutu a kan rubutu.
Ɗana Jibo yana fitsari ja tun kaka,
malamin asibiti ya ce tsargiya ce, a raba shi da kogi.
Na ce to.
Me zan ce?

Naman ba ya jiran ciniki.
Ba ƙanƙara, rana ce alƙali,
in la'asar ta yi sai ƙuda ya taya.
In na ce in ƙyafe, itace ya fi naman tsada.
Ɓawon kuwa na Hamajoda ne,
buhu sefa ɗari bakwai, shi ke yankewa,
ya niƙa, ya loda zuwa Ngaundare
don ƙwan kajin wani ya yi ƙwari.
Ran Lahadi mai tikiti ya zo kasuwa,
ya karɓi nasa tun ban yi cinikin fari ba.

Wasu sun taɓa zuwa da farar mota,
suka ƙirga mu, mu ashirin da shida,
suka ce in ɗaga kwando, in yi murmushi,
suka ce firji na tafe mai aiki da rana.
Ranar dai na nan.
Mu kuma mun koma goma sha tara.

Jiya Astajam ta biyo ni,
shekararta tara, ruwa iya wuyanta.
Ta ɓamɓaro wata 'yar mitsitsiya,
ta ɗaga sama tana dariya,
ta farko ke nan a hannunta.

Na dubi kwando, na dubi rana,
na tuna tukunyar da ke jira a gida.
Na daɗe ina juya ta a tafina.

Na ce, "Ta baɗi ce."
Ta nutse, ta ajiye ta daidai inda ta same ta.
Can ƙasa da mu kaɗan,
wani ya tayar da injin jirgin yashi.